Kalmomin Turanci Masu Nuna Aibin Kaya

Jama'a, karatunmu na yau a kan aibi ne. Ba aibin mutum ba, aibin kaya da na takarda.

Mu Hausawa ba mu kiran aibi da suna guda. In tulu ya tsage mu kan ce ya tsage, in ya fashe mu ce ya fashe. Mai tsagaggen tulu ya iya zuba tsaba a ciki, mai fasasshe kuwa sai kwasar tsingaro. In mudu bai cika ba mu ce an tauye shi. In an zuba wa nono ruwa mu ce an yi algus. Ku mutanen Rano kun fi kowa sanin wannan, don tun cikin labarin Hausa Bakwai Kano da Rano a ke kira sarakunan baba, watau masu rini. Marini ya san zanen da bai sha baba sosai ba. Ya san wanda yaronsa ya ja a ƙasa ya yage. Ya kuma san wanda tun daga wurin masaƙi ya zo da giɓin zare. Na farko a mai da shi karofi ya ƙara sha. Na biyu ɓarnar yaron gida ce, ubangidansa zai biya. Na uku kuwa ba ruwan marini, maganar ta masaƙi ce.

To, Turawa ma haka su ke, suna da kalmomi da yawa na faɗin aibi. Kalmomin nan suna zo mana kullum a rubuce, a jikin kwali, a kan rasit, a gindin kwalbar magani, a bayan takardar da muka kai ofis. Kowace kalma tana gaya mana inda aibin ya fito, tana kuma gaya mana wanda zai ɗauki hasara. Ba mu ce sai kun iya Turanci ba. Abin da mu ke so shi ne ku gane kalmar in kun gan ta, kamar yadda makiyayi ya ke gane shaidar da ke jikin saniyarsa.

Injin da ya ƙi jan ruwa

A ce wani manomi daga Tarai, ƙasar Kibiya, ya sayar da masararsa da kaka. Ya tafi Kano ya sayo sabon injin ban-ruwa don noman rani. Ya kai shi fadama, ya zuba mai, ya ja igiya. Inji ya tashi, ya yi ta ƙara, amma ko ɗigon ruwa bai ja ba. Gari ya waye ya mai da shi kanti. Yaron kanti ya karɓa da fara'a, ya rubuta 'yar takarda, ya ce, "Baba, dangwala nan, shaidar mun karɓa ce." Ya dangwala ya komo gida. Bayan mako guda ya koma, sai aka ce da shi inji ya gyaru, amma sai ya biya kuɗin gyara. Ya ce, "Don me zan biya, ga shi tun da na saya bai yi aiki ba?" Aka ɗauko takardar nan aka ce, "Baba, ba yatsanka ba ne wannan?" A kan takardar an rubuta DAMAGED.

Wannan kalma ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce mu ke cewa dameji. Ma'anarta ita ce lafiya lau aka ƙera abu, daga baya wani abu ya same shi, ko faɗuwa, ko ruwa, ko wuta, ko ɓera da gara. Duk inda kuka ga DAMAGED akwai tambaya a biye da ita: a hannun wa abin ya lalace? In a cikin mota ne, maganar ta direba ce. In a sito ne, ta mai sito ce. In kuwa bayan an kai gida ne, to, ta mai saye ce. Manomin nan da ya dangwala yatsa, kamar ya ce ne da bakinsa, "A hannuna ya lalace."

Kalmar da ta dace da injinsa ita ce DEFECTIVE, ana faɗinta difektib. Watau aibin daga wurin ƙira ya ke, da shi aka haifi abin. Irin zanen nan ne da ya zo da giɓi daga masaƙi. Ba wanda ya yar da shi, ba wanda ya jiƙa shi, masu ƙerawa ne suka yi kuskure. Hasarar irin wannan ba ta mai saye ba ce.

Ku dubi kalmomin biyu da kyau. Duk da harafin D suka fara, shi ya sa mai gaggawa ya kan ruɗe. Amma ta farko DA ce, ta biyu DE. Ta farko gajeruwa ce, harafi bakwai. Ta biyu doguwa, harafi tara. Ku rubuta su a allo ɗaya bisa ɗaya, ku ƙirga da kanku.

Akwai ta uku a tsakaninsu, ita ce FAULTY, ana faɗinta folti. Ita cewa ta ke abu ba ya aiki daidai, shi ke nan. Ba ta faɗi ko daga ƙira ne ko daga baya ba. Tushenta FAULT, kuma wannan tushe baki biyu gare shi. In an faɗe shi a kan inji, aibi ne. In an faɗe shi a kan mutum, laifi ne. Saboda haka in mai kanti ya rubuta FAULTY, ba a cuce ku ba tukuna, amma ku ce ya ƙara rubuta ranar da kuka saya da ranar da kuka komo da shi. Kwana ɗaya tsakani shi zai yi muku shaida. BROKEN kuwa ba sai mun daɗe a kanta ba, karyewa ce ko fashewa, wadda ido ke gani.

Garanti da a ke ba ku in kun sayi waya ko rediyo ko inji, a takarda an fi rubuta shi WARRANTY. Ku sani aibin ƙira ya ke ɗauka, ba ya ɗaukar dameji. Wannan shi ne dalilin da ya sa waɗansu masu kanti, ba duka ba, hannunsu ya fi saurin rubuta DAMAGED. Malamanmu na fiƙihu tun tuni suka karantar da cewa wanda ya sayi kaya, sa'an nan ya ga tsohon aibi da ba a nuna masa ba, yana da zaɓin ya mayar. Dokar kare mai saye ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2019, ita ma haka ta ce. Kayan da ba su da ingancin da ya kamata, mai saye ya iya mai da su cikin wata uku, a gyara masa, ko a musanya, ko a ba shi kuɗinsa. Amma fa doka ba ta jin bakin mutum sama da takardar da ya sa wa hannu, sai da wahala mai yawa.

Abin da bai cika ba

Yanzu mu bar kaya mu koma takarda. Wannan ita ta fi sa mutanenmu hasara a banza.

Mutum ya cika takardar neman bashin noma, ko ta buɗe ajiya a banki, ko ta shigar da yaro makaranta. Ya biya kuɗin mota daga Rurum ko Durba ya kai ta ofis. Aka komo masa da ita, an buga hatimi, INCOMPLETE. Sai ransa ya ɓaci, ya ce an hana shi don ba shi da kowa, ya cusa takardar a aljihu ya yi fushi ya tafi. Alhali ba a hana shi ba. COMPLETE ita ce cikakke. INCOMPLETE, ana faɗinta inkamfilit, ita ce bai cika ba. Akwai giɓi ke nan, kuma giɓi cikewa a ke yi. Wataƙila hoto ne babu, wataƙila sa hannun dagaci, wataƙila lambar katin ɗan ƙasa. Kada ku bar wurin sai kun tambayi akawu, "Malam, mene ne bai cika ba?" In ya rubuta muku MISSING a gefen wani layi, to, abin da ke wannan layin shi ne babu. Ku kawo shi, takarda ta wuce.

Wadda ke nufin an ƙi ita ce REJECTED. Ita kam an duba, an ce a'a. Duk da haka ba laifi ba ne a tambayi dalili, don sau da yawa dalilin ƙarami ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a 939,278 aka rubuta musu wannan kalma aka ware su, ba a ƙirga wa kowa ba. Ku duba yawan mutanen nan. Sun bar aikinsu, sun sha rana a layi, sa'an nan ƙuri'arsu ta tafi iska. Cikin abin da kan jawo haka har da dangwala wa jam'iyya biyu, da dangwalawa a kan layin da ya raba gida biyu. 'Yar'uwarta INVALID, watau abin ba karɓaɓɓe ba ne. Ita ce wayarku kan nuna in kun kuskure lamba guda wajen loda kati. A nan ba katin ne ya lalace ba, ku sake bugawa a hankali.

Akwai kuma wata doguwar kalma da duk mutumin Kano ya haddace ba da niyya ba, ita ce INCONCLUSIVE, wadda yara ke kira inkwankulusib. Ran 9 ga Maris 2019 aka yi zaɓen gwamna, aka soke ƙuri'un waɗansu rumfuna. Da aka yi lissafi sai aka ga masu rajista a rumfunan da aka soke sun fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. Hukumar zaɓe ta ce ba ta iya faɗin wanda ya ci tukuna. Aka koma ran 23 ga Maris aka ƙarasa. Ba mu gardamar siyasa a aji, kowa ya bar jam'iyyarsa a bakin ƙofa. Ma'anar kalmar kaɗai mu ke so, watau ba a kai ga yanke magana ba. Ku riƙe ta, don ta kan fito a takardar gwajin jini a asibiti. In kun gan ta a can, ba an ce kuna da ciwon ba ne, ba kuma an ce ba ku da shi ba. Cewa aka yi a sake gwaji.

Ta ƙarshe a wannan gida ita ce SHORT, wadda mu ke cewa shot, kamar in yaron shago ya ce kuɗi sun yi shot. Tauyewa ce. Buhun takin zamani an rubuta masa 50 KG. In aka ɗora a sikeli ya ba da 47, ya yi shot da kilo uku. Takin ba shi da aibi, awon ne bai cika ba, kuma ciko a ke nema ko ragin kuɗi.

Wataƙila kun lura da wani abu. COMPLETE ta zama INCOMPLETE. VALID ta zama INVALID. Turawa su kan liƙa IN ko IM ko UN a gaban kalma, sai ta juye, kamar yadda mu ke sa "ba" ko "mara". FINISHED an gama, UNFINISHED ba a gama ba, kamar kangon da aka kai linta aka tsaya. Wannan dabara za ta buɗe muku kalmomi da yawa. Amma akwai inda ta ke yaudara, kuma wurin mugu ne. A jikin tankar man fetur a kan rubuta INFLAMMABLE da manyan haruffa. Mai bin dabarar nan zai ce ai IN ce a gaba, ashe ba ya cin wuta. A'a! Ma'anarta yana kama wuta nan da nan. In kun ga wannan rubutu ku ja da baya, ku kashe taba, ku janye yara.

Aibin da ba ya hana amfani

PERFECT ita ce abin da ba shi da tabo ko kaɗan. IMPERFECT, ana faɗinta imfafet, abu ne mai ɗan tabo, amma yana aikinsa. Turmin atamfa a Kantin Kwari wanda zanen furensa ya ɗan goce, ko kwanon da fentinsa ya ɗan kwaile a gefe, duk IMPERFECT ne. Masu masana'anta su kan ware irinsu su kira su SECONDS, su sayar da rangwame. In an gaya muku, aka kuma rage kuɗi, ba cuta a ciki, mu ma mu kan saya. Cuta ita ce a karɓi kuɗin lamba ɗaya a ba ku lamba biyu. Kada kuma ku haɗa SECONDS da SECOND-HAND. Ta farko sabon kaya ne mai tabo, ta biyu gwanjo ne, wani ya riga ya mora.

Dattawan cikinku sun san wannan tun zamanin gyaɗa. A 1912 jirgin ƙasa ya fara ɗibar gyaɗa daga Kano, har aka kai ga tara buhuna dala-dala. Daga 1949 hukumomin cinikin amfanin gona ne ke yanka kuɗin saye, har 1986 da aka rushe su. A zamanin nan ba a sayen kaya sai an duba an ba su lamba, da Turanci GRADE. Gyaɗar da aka ɓare a turmi ta kan farfashe, kuɗinta bai kai na wadda ta fito ƙwaya-ƙwaya ba. Auduga ma haka, mai datti da jan tabo ba ta shiga lamba ɗaya. Fatar da wuƙa ta huda wajen fiɗa, ko aka shanya a ƙasa, ita ma ta faɗi. Hukumomin sun tafi, amma awo bai tafi ba. Wanda ya kai riɗi ko waken suya kasuwar Dawanau yau, zai ga mai saye ya soka buhu, ya zuba a tafin hannu, ya duba tsakuwa da ƙasa da laima kafin ya yi tayi.

Kalmomin da ba a ciniki da su

Duk waɗanda muka faɗa a baya maganar kuɗi ce. Waɗannan da za mu faɗa yanzu maganar rai ce, ba a neman rangwame a kansu.

CONTAMINATED ita ce abin da guba ko ƙazanta ta shiga. Sau da yawa ido ba ya gani. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika sai aka ga abincinsu ne, tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil, wadda fumfuna ta kama. Daga nan aka gano gubar da a ke kira aflatoksin. Tana fitowa a gyaɗa da masarar da aka adana da laima, tana kuma cin hantar mutum a hankali. Saboda haka gyaɗa mai fumfuna ba lamba biyu ba ce, ba ta cikin lamba sam. Kada a ce tun da ba ta sayuwa bari a yi ƙuli-ƙulin yara da ita. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da waken Nijeriya, don an sami maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙima, irin wanda mu ke kira fiya-fiya. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa mu ke dafawa a gida. A 2008 kuma wani maganin fitar haƙori da aka haɗa a Legas ya gurɓata da guba, yara 84 suka rasu.

FAKE da COUNTERFEIT duk jabu ne, an kwaikwayi kwalin na gaske. ADULTERATED algus ne, kamar a gauraya taki da yashi. SUBSTANDARD kuwa ba lalle jabu ba ne, amma ƙarfinsa bai kai yadda aka ƙayyade ba. Ƙwayar zazzaɓi irin wannan sai yaro ya shanye kati guda, zazzaɓi na nan. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke lura da abinci da magani. Ku nemi lambarta a jikin kwali. Waɗansu magungunan zazzaɓi suna da ɗan wurin kankarewa kamar katin waya. A kankare, a aika da lambar ta saƙon waya, amsa ta zo ko na gaske ne.

Sai EXPIRED, wadda mu ke cewa ya yi ekisfaya, watau wa'adinsa ya wuce. A jikin kwalba ba su cika rubuta ta duka ba, EXP su ke sawa. Kusa da ita akwai MFG ko MFD, ita ce ranar da aka yi maganin. Nan mutane ke ruɗewa, su karanta ranar haihuwa a maimakon ranar mutuwa. In kun ga EXP 08/2027, lambar farko wata ne, ta biyu shekara. Watau watan takwas, Agusta, na shekarar 2027. In ya wuce, a zubar inda yara da awaki ba su kaiwa. In kuka ga an kankare wurin, ko an liƙa wata 'yar takarda a kai, ku aje wa mai shi kayansa. Haka nan maganin feshi da irin shuka na gwangwani, duk suna da wa'adi.

Mu koma ga manomin Tarai. Da ya san karatun nan, da yaron kanti ya miƙo takarda sai ya duba ya ce, "Yaro, wannan DA ce na gani. Injin nan ban yar da shi ba, jiya na saya. Goge ka rubuta mini mai DE, ka sa kwanan wata, ka ba ni kofi guda." In yaro ya ƙi, sai ya nemi maigidan kanti. In shi ma ya ƙi, sai ya riƙe rasit ɗinsa ya tafi wurin shugabannin kasuwa, bai dangwala kome ba.

Ran aji mai zuwa kowa ya zo da abu guda daga gida, ko kwalin magani, ko buhun taki wanda ba kome ciki, ko tsohon rasit, ko gwangwanin madara. Mata su duba kwandon maganin yara, don nan tsofaffin kwalabe su ke taruwa. Za mu baje su a tabarma, kowa ya nemo EXP a jikin nasa, ya karanta wa aji watan da shekarar.